Joshua da Ruiz karo na biyu: wa kuke ganin zai kwana da kambu yau a Saudiyya?

Dan_Fagge:
Salamu alaikum 'yan gida. To ga ranar ta zo, yau Asabar 7 ga Disamba 2019, da daddare za a sake damben Anthony Joshua (AJ) da Andy Ruiz a Diriyah kusa da Riyad. Ni dai tun jiya da na ga awon nauyi hankalina ya rabu biyu. Ruiz ya hau sikeli da kusan kilo 129, alhali a karon farko kilo 121 da ɗoriya ya yi, wato ya ƙara wajen kilo 7, shi kuma AJ ya sauko daga 112 zuwa 107 da rabi. Ni hasashena Joshua zai ci amma da maki, ba zai kuskura ya tsaya a yi musayar naushi ba, zai yi ta zagaye ne yana tsikararsa da hagu har turmi 12 su ƙare. Wanda yake ganin ba haka ba ya zo da hujja, ban da zagi don Allah.

Bahago_Sokoto:
Wa alaikumus salam. Ruiz ne, kuma ba za a kai turmi na 9 ba. Ku rubuta ku ajiye.

Abba Kwalli:
Bahago hujja aka ce ka kawo ba rubuta ku ajiye ba

Bahago_Sokoto:
Hujjar ai tana nan a YouTube, je ka sake kallon na 1 ga Yuni a Madison Square Garden da ke New York. Sau huɗu mutumin nan ya kai Joshua ƙasa, biyu a turmi na 3 biyu a na 7, kuma ba wai naushi ɗaya ne ya faɗa bisa sa'a ba, duk sanda suka haɗe kusa da kusa hannun Ruiz ne ke riga isa. Saurin hannu ba abu ba ne da za ka koya a wata shida, ko kana da shi ko ba ka da shi. Kuma abin da mutane ke mantawa, lokacin da rafali ya tsayar da wasan alƙalai biyu cikin uku Ruiz suke ba wa gaba a maki. Wato ko a damben ma na lissafi ba a bar shi a baya ba.

Injiniya_Sabo:
Maganar Bahago akwai ƙamshin gaskiya amma akwai abin da ya tsallake. Makin nan da yake faɗa 57 da 56 ne fa, tazarar maki ɗaya, duk da Joshua ya faɗi sau biyu a turmi na 3. Ka ga ke nan mutumin da ƙafafunsa suka riga suka tafi ya ci gaba da cin wasu turaman. Ni abin da na gani a wannan turmin na 3 shi ne, AJ ne ya fara kayar da Ruiz, ya sa masa na ƙasan haɓa da dama ya bi da hagu, Ruiz ya zauna, karo na farko a rayuwarsa ta ƙwararren ɗan dambe. Da ya tashi sai AJ ya ɗauka an gama, ya shiga da gaggawa zai ƙarasa, ya buɗe kansa, sai na hagun Ruiz ya same shi a gefen kai wajen kunne. Duk wanda ya san dambe ya san naushin wurin nan daban yake da na haɓa, ba suma kake yi ba, daidaiton jikinka ne yake lalacewa, kana tsaye amma ƙafa ba taka ba ce. Daga nan har turmi na 7 bai dawo daidai ba. To in bai yi wannan gangancin ba yau fa?

Maman Ilham:
Ni ban iya lissafinku ba amma ina bayan Joshua, yaron yana da ladabi, ko da aka doke shi bai kawo uzuri ba ya rungume mutumin ya taya shi murna. Allah ya ba shi sa'a.

Dan_Fagge:
Amin Hajiya. Kuma gaskiya ne wannan, bai ce ciwo ba bai ce komai ba, babansa ne ma aka gani a cikin fage ransa a ɓace yana yi wa Eddie Hearn, mai shirya wa Joshua wasanni, faɗa.

Sarkin Yaƙin Tudun Wada:
Ku dai kuna ta kallon tumbin Ruiz kamar yadda aka yi a karon farko. Haka aka yi ta dariya wancan lokacin ana cewa mai cin Snickers ne, an ɗauko shi ne kawai ya cike gurbin Jarrell Miller da aka kama da ƙwayoyin ƙara kuzari. Mutumin da aka ba shi sati biyar kacal ya shirya ya yi abin da ya yi. Yanzu da ya samu isasshen lokacin shiri kuma ya san zai iya, me kuke zato? Tsoron da ake ji wa Joshua ya riga ya fita daga idonsa, wannan shi ne babban abu.

Injiniya_Sabo:
Sarkin Yaƙi sati biyar ɗin nan da ake yawan faɗa yana yaudarar mutane. Ruiz ya yi wasa da Alexander Dimitrenko ranar 20 ga Afrilu, ya ci, ko hutawa bai gama yi ba aka kira shi, saboda haka jikinsa a ɗaure yake, sansani biyu ya haɗa a jere. Wanda sauyin ya cuta shi ne AJ, da ya yi ta shirin Miller, ƙato mai tafiya a hankali, sai aka kawo masa gajere mai hannu kamar walƙiya. Yanzu kuma abin ya juye, Ruiz ne ya yi wata da watanni yana shagalin nasara, sabon gida, Rolls Royce, sarƙoƙi, yau yana nan gobe yana can ana karrama shi har fadar shugaban Meziko ya je.

Sarkin Yaƙin Tudun Wada:
To laifi ne talaka ya samu ya ci? Kuma da rigarsa a jiki ya hau sikelin jiya, ba tsirara ba kamar AJ

Abba Kwalli:
Riga ce za ta yi kilo 7? Haba Sarkin Yaƙi

Malam Tanko Tsohon Soja:
Yara ku saurara in ba ku labarin da ba ku gani ba. A Fabrairun 1990 Buster Douglas ya doke Mike Tyson a Tokyo, duniya ta girgiza fiye da wannan na Ruiz, mu a rediyo muka fara ji ba mu yarda ba sai da muka ga kaset. Wata takwas bayan nan ya zo kare kambunsa da Evander Holyfield ya zo da ƙiba, jiki duk ya saki, a turmi na 3 aka kwantar da shi bai ma yi ƙoƙarin tashi ba. Sannan ga Hasim Rahman, ya buge Lennox Lewis a Afirka ta Kudu a Afrilun 2001 a turmi na 5, aka yi ta murna musamman mu Musulmi, Nuwamba na zuwa Lewis ya dawo a nutse a Las Vegas ya gama da shi a turmi na 4. Abin da nake nufi, hawa kujera daban riƙe ta daban. Wanda yunwa ta kai shi sama, in ya ƙoshi sai ka duba ko akwai sauran abin da zai tashe shi da asuba ya yi gudu. Da na ga nauyin Ruiz jiya Douglas ne ya faɗo mini a rai.

Bahago_Sokoto:
Baba Tanko Allah ya ƙara girma, amma da izininka misalin Rahman bai zauna ba. Rahman naushi ɗaya ya samu, dama guda, Lewis na wasa a jikin igiya. Ruiz kuwa dukan tsiya ya yi wa mutum turmi bayan turmi. In misali ake so ga Holyfield da Tyson, ya doke shi a 1996, kowa ya ce ai tsautsayi ne, aka sake a 1997 yana sake cin sa har Tyson ya rasa abin yi ya cije masa kunne. Akwai salon da in ya zame maka ƙarfen ƙafa ko sau goma za a yi haka za a tashi.

Malam Tanko Tsohon Soja:
Ka yi magana ɗana, amma Holyfield bai taɓa zuwa fage da tumbi ba, wannan mutum ne da horo ya zame masa ibada. Ka haɗa shi da wanda ya ƙara kilo 7?

Zinder_Boy:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan yawanci Joshua ake so amma ni tsorona ɗaya ne, numfashinsa. Ku tuna wasansa da Klitschko a Wembley 2017, ya kayar da tsohon a turmi na 5 ya zuba duk ƙarfinsa sai ya ƙare kaf, a na 6 Klitschko ya kai shi ƙasa, da a ce Klitschko yana da shekara 31 ne ba 41 ba da tun ranar an gama labarin. Mai irin wannan jikin na ƙarfe yana shan iska da yawa. Yanzu kuna cewa zai yi ta zagaye turmi 12, minti 36 fa ke nan yana ja da baya da kilo 107, bai taɓa yin haka ba.

Dan_Fagge:
Ya taɓa kusan haka Zinder_Boy, wasansa da Joseph Parker a Cardiff 2018. Turmi 12 suka yi ya riƙe shi a nesa da jab, wato tsikarar hagu, ya ci da maki ba tare da ya sha wahala ba. Kuma Parker ɗin nan shi kaɗai ne ya taɓa cin Ruiz, a Disambar 2016 a Auckland. Kuma ai saboda numfashin ne ya rage nauyi, dubi kafaɗunsa jiya ba kamar da ba.

Sarkin Yaƙin Tudun Wada:
Wannan lissafin na wane ya ci wane saboda haka zai ci wane ba ya aiki a dambe. Na farko wasan Parker da Ruiz a garinsu Parker aka yi, alƙali ɗaya ma canjaras ya ba da, mutane da yawa har gobe suna cewa Ruiz ne ya ci. Na biyu Parker ja da baya yake yi, bai matsa wa AJ ba, ga rafalin ranar da ko sun ɗan matso kusa sai ya shiga tsakani. Ruiz ba ya ja da baya, takowa yake yi a hankali hannu a sama yana jira ka jefo ya mayar maka da uku. Ba irinsu ɗaya ba ko kaɗan.

Ustaz_Nura:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Yanzu a ƙasa mai tsarki ake shirya mutum biyu su yi ta dukan fuskar juna ana biyan kuɗi ana kallo? Alhali an hana dukan fuska a hadisi. Abin yana damuna wallahi, ba don in ɓata muku hira ba.

Alhaji Riyad:
Ustaz maganar hukuncin dambe malamai sun yi ta kuma ba zan ja da kai ba, amma gyara kaɗan, Diriyah ba a cikin Harami take ba, nan gefen Riyad ce, tsohon garin gidan sarautar Al Sa'ud, tsakaninta da Makka tafiya ce ta kusan kilomita 900. Ni a Riyad nake aiki. Filin ma sabo ne fil, don wannan wasan aka gina shi cikin 'yan makonni, mutum 15,000 yake ɗauka kuma a buɗe yake ba rufi in ban da saman fagen. Abin da zan ƙara muku, dare a nan yanzu akwai sanyi sosai, ba zafin da kuke zato ba, to wanda ke tunanin zafin hamada zai gajiyar da mai ƙiba ya cire wannan daga lissafi.

Ustaz_Nura:
Na gode Alhaji. Ni dai nasihata ko za ku kalla ku bar caca a kai, na ga yara suna ta yankan tikiti tun jiya.

Abba Kwalli:
Wannan gaskiya ne Ustaz. Alhaji Riyad ƙarfe nawa za su shigo a agogonmu?

Alhaji Riyad:
Mun fi ku da awa biyu. Ku dai ku kasance a gaban talabijin tun tara da rabi na dare agogon Najeriya da Nijar, akwai wasannin share fage kafin nan, Povetkin da Michael Hunter, da Dillian Whyte da Mariusz Wach.

Shagon_Guramada:
Ni ɗan damben gargajiya ne, na ɗaure kara na shiga fage ba sau ɗaya ba, bari in faɗa muku abin da ba a gani a talabijin. Duk ɗan damben da aka taɓa kashewa, ranar da zai sake haɗuwa da wanda ya kashe shi ba jikinsa ne matsala ba, zuciya ce. Kana iya yin wata shida kana shiri, malamai sun yi addu'a, makaɗi ya zuga ka har tsigar jikinka ta tashi, amma da ya matso ka ji iskar hannunsa ta wuce kunnenka sai jikinka ya tuna. Wani wannan tunawar ce take sa shi ya nutsu ya yi dambe da hankali, wani kuma ita ce take kashe shi tun kafin a taɓa shi. Ba wanda ya san wanne ne Joshua a ciki, ko shi kansa bai sani ba sai an jefo masa na farko. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne turmi na 7 ɗin can, ya tofar da robar bakinsa ya koma kwana ya ɗora hannuwa a kan igiya, rafali na tambayarsa yana cewa eh amma ƙafarsa ba ta taka gaba ba. Wannan tsayuwar ba ta yi mini daɗi ba.

Maman Ilham:
Kai Shago ka sa gabana ya faɗi

Injiniya_Sabo:
Shago ya taɓo wurin da ya dace. Amma akwai wanda ya bi ta wannan hanyar ya fita, Wladimir Klitschko. Corrie Sanders ya ragargaza shi a turmi 2 a 2003, Lamon Brewster ya sake tsayar da shi a 2004, kowa ya ce haɓarsa gilashi ce ya bar dambe. Sai kocinsa Emanuel Steward ya sauya masa salo gaba ɗaya, jab, jab, dama, in ka matso ya rungume ka ya ɗora maka nauyinsa har rafali ya raba. Mutane suka ce wasansa ba daɗin kallo amma ya yi shekara tara da ɗoriya yana riƙe da kambu. Har ɗanmu Samuel Peter ya kayar da shi sau uku a 2005 amma ya tashi ya ci da maki. Abin da AJ ke buƙata ke nan yau. Yana da tsawo santimita 198, Ruiz 188 a takarda kuma da ka gan su tsaye ka san bai ma kai ba, tsawon hannu kuma akwai inci 8 tsakani. In ya yi amfani da wannan, ya buga ɗaya biyu ya fice ta gefe, ya riƙe in an matse shi, Ruiz da kilo 129 ba zai iya yanke masa hanya ba, hannunsa ne mai sauri ba ƙafarsa ba. Ku lura da wannan bambancin.

Bahago_Sokoto:
Klitschko shekaru ya ɗauka yana koyon wannan salon kuma sabon koci ya samu. Naku har yanzu Rob McCracken ne a kwanarsa, wanda ya rasa abin da zai gaya masa a New York.

Dan_Fagge:
An ƙaro masu horarwa a sansanin, akwai Angel Fernandez. Kuma McCracken ɗin da kake rainawa shi ne ya kai shi ga zinaren Olamfik a Landan 2012, salon tara maki ai can ya samo asali, ba sabon abu zai koya ba tsohon karatu zai tuna.

Kabiru Mai Shayi:
Ni duk wannan bai dame ni ba, duk wanda ya ci a cikinsu Deontay Wilder, mai riƙe da ɗaya kambun masu nauyi, zai kwantar da shi. Kun ga abin da ya yi wa Luis Ortiz sati biyu da suka wuce? Ana cin sa a maki tun daga farko, turmi na 7 naushin dama ɗaya tak, shi ke nan.

Abba Kwalli:
Kabiru kar ka karkatar mana da zance, Wilder yana da Tyson Fury a gabansa tukuna, wanda ya tashi bayan ya sha wannan naushin a turmi na 12 na wasansu na farko kowa yana kallo. A bar wannan sai lokacinsa.

Gidan_Kallo_Rijiyar_Lemo:
Masu cewa Joshua namu ne, ni ina da ja. Tutar Ingila yake ɗagawa, a Watford aka haife shi, sai an doke shi ne ya tuna da gida ya zo Legas.

Maman Ilham:
A'a wannan ba adalci ba ne. Iyayensa 'yan Sagamu ne a jihar Ogun, ya yi zaman makarantar kwana a Ikenne yana yaro, ga taswirar Afirka a kafaɗarsa da Najeriya a fili tun kafin ya yi suna. Kuma da ya zo a Yuli ba otal ya ɓuya ba har Makoko ya shiga cikin talakawa. Wasu ma da aka haifa a nan suna fita suke manta hanya.

Zinder_Boy:
Shi ma Ruiz ai a Kalifoniya aka haife shi amma duk Meziko ta ɗauke shi nata, shi ne na farko mai jininsu da ya riƙe kambun masu nauyi. Ba wanda ya ce masa ba namu ba ne.

Sarkin Yaƙin Tudun Wada:
Mu dawo kan dambe. Ni na yarda Joshua zai iya cin turmi huɗu ko biyar na farko da gudu, ban musa ba. Tambayata ita ce in ya ga jab ɗinsa na shiga, ya ga fuskar Ruiz ta fara kumbura, jama'a na ihu, zai iya danne zuciyarsa ya ƙi shiga ya ƙarasa? Mutumin da ya ci wasa 21 cikin 22 da bugun kwaf ɗaya kafin Yuni, jininsa ne ya ga rauni ya afka. Whyte ya girgiza shi a 2015 a haka, Povetkin ma ya taɓa shi a turmin farko. Sau ɗaya kawai Ruiz yake buƙata ya tsaya a gabansa na daƙiƙa biyar. Cikin minti 36 ba za a rasa daƙiƙa biyar ba.

Malam Tanko Tsohon Soja:
Za a iya rasawa in mutum ya sha wuya ya ji a jikinsa. Ali ma da Leon Spinks ya ƙwace masa kambu a 1978, da aka sake a watan Satumba rawa ya yi ta yi yana tsikara yana riƙewa turmi 15, yana da shekara 36, bai nemi kisa ba ya karɓi kayansa. Joshua 30 gare shi.

Bahago_Sokoto:
Baba yanzu kuma Ali za a haɗa da AJ? Ƙafar Ali fa?

Shagon_Guramada:
Ni ku bar ni da turmi na farko kawai. In na ga AJ ya jefa hagu ya janye ƙafarsa ta gaba tare da hannun, to ya dawo da hankalinsa zan ce maki ne. In kuwa na ga yana jefa hagun yana tsaye wuri ɗaya yana leƙen inda zai sa dama, wallahi a shirya ruwan da za a yayyafa masa.

Injiniya_Sabo:
Ku kuma lura da ciki. A karon farko Ruiz ya yi ta sa masa jab a ciki da ƙirji, shi ne ya riƙa sauko masa da hannu ƙasa kafin na saman su shiga. In ya fara samun wannan tun da wuri gudun zai ragu daga turmi na 6 zuwa sama, nan ne nake jin tsoro. Amma duk da haka ina nan kan AJ da maki, tazara mai faɗi ma.

Kabiru Mai Shayi:
Ni na ce Ruiz a turmi na 8, kuma ko a maki aka je ba na jin alƙalai za su ba shi, kuɗin duk a kan Joshua suke.

Dan_Fagge:
Kabiru ai kai ɗazu Wilder kake yi, yanzu ka dawo? To mun rubuta, kai 8, Bahago ƙasa da 9, ni da Injiniya da Baba Tanko maki. Zinder_Boy kai ba ka faɗi naka ba har yanzu.

Zinder_Boy:
Zuciyata Joshua, amma in har zai ci to sai dai ya tsayar da shi tsakanin 9 da 11 lokacin da nauyin ya fara cin Ruiz, don ban yarda zai iya gudun turmi 12 bai tsaya ya huta a jikin igiya ba, kuma jikin igiyar nan ne Ruiz yake jiransa.